Shagon gyaran kwamfuta a Aboabo da yadda ya bi matsalar faifan DVD tun daga tushe

Duk wanda ya zagaya Adum ko ya ratsa ta Alabar a 'yan shekarun nan ya san cewa masu gyaran wayar hannu sun cika Kumasi, amma wanda zai karɓi tsohuwar kwamfutar tebur ya zauna ya binciki dalilin da ya sa ta daina kunna faifan DVD ya zama abin nema. Yawancin matasan da suka shiga sana'ar kwanan nan sun koyi aiki ne a kan na'urorin da ba su da wurin saka faifai ko kaɗan, saboda haka amsar da ta fi kusa da bakinsu ita ce a ajiye tsohuwar a sayi sabuwa. Wannan amsa ba ta biyan buƙatar gidajen Zango da yawa, domin abin da ke kan faya-fayanmu bikin auren iyaye ne, da walimar saukar Alƙur'ani, da taron suna, da tafsirin azumi na malaman da wasunsu sun riga mu gidan gaskiya, kuma babu ɗaya daga cikinsu da za a sake samu a intanet. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na gani a wani ƙaramin shago da ke tsakanin Aboabo da Asawase, inda na kai kwamfutar gidanmu. Aikin hannun mai shagon ya cancanci yabo ƙwarai, tsarin tafiyar da shagon kuwa yana da gyara, kuma zan faɗi kowanne yadda na same shi.

Kwamfutar ta hannu ce, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai ta tashar jiragen ruwa ta Tema, mai ƙwaƙwalwar sarrafa aiki (processor) samfurin Pentium 4 da RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta abin da ake aiki a kai, na gigabait 1, tana aiki da Windows XP. Wasu faya-fayan idan an saka su sai a ji na'urar karanta faifai ta yi ta juyi tana ƙas-ƙas, fitilarta tana ƙiftawa, daga ƙarshe ta yi shiru kamar ba a saka komai ba. Wasu kuma tana ganin su, amma Windows Media Player, manhajar kallon bidiyo ta Windows, ya fito da saƙon cewa ba zai iya kunna su ba. Tiren da faifai yake zama a kai ma ba ya fitowa sai an taimaka masa da yatsa. A gefe guda kuma, faya-fayan CD na karatun Alƙur'ani da tsofaffin VCD suna tafiya lafiya lau, abin da ya ƙara rikita mu a gida.

Shagon ɗaki guda ne mai ƙunci, an jera akwatunan kwamfuta a jikin bango har kusa da rufi, ga dogon tebur da fitila a kansa, ga yara biyu masu koyon aiki. Mai shagon ya daɗe a sana'ar tun zamanin da shagunan intanet suke tashe a gari, kuma bai taɓa sukundireba ba sai da ya nemi faya-fayan. Ya ce, "Malam, ku ba ni waɗanda suka ƙi da waɗanda suka yi, duka ina son ganin su, domin sau da yawa laifin faifai ake ɗora wa kwamfuta." Daga nan ya riƙa saka su ɗaya bayan ɗaya a tasa kwamfutar, wadda ya san lafiyar na'urarta, yana ware waɗanda suka yi a wurinsa daga waɗanda suka ƙi. Da wannan gwaji kaɗai ya raba matsalar gida biyu, ta faifai da ta inji, kafin a yi maganar kuɗi ko ta sayen wani abu.

Waɗanda suka ƙi har a wurinsa su ne suka fi cin lokacinmu. Ya ɗaga guda biyu zuwa ga fitila ya nuna mini cewa faifan da aka buga a masana'anta bayansa ruwan azurfa ne, wanda mai ɗaukar bidiyon biki ya naɗa a shagonsa kuwa bayansa shunayya ne. Wannan launi na wani rini ne da ke cikin faifan, wanda hasken na'urar naɗi yake ƙonawa ɗigo-ɗigo domin ya rubuta bayanai, kuma rinin yana lalacewa da zafi da hasken rana da danshi. Mu kuwa a Kumasi damina biyu muke gani a shekara, ɗakunanmu da yawa kuma rufin kwano ne. Faifan DVD falle biyu ne na roba, kowanne kaurinsa milimita 0.6, aka manne su da bayanan a tsakiya, don haka idan danshi ya sami hanya ta baki ko ta ramin tsakiya sai mannin ya fara saki. A kan faifan sunan ɗiyar ƙanwata ya nuna mini wani tabo mai duhu da ya faro daga baki yana cin ciki, ya ce wannan ya wuce dattin da za a goge. Ya kuma bayyana dalilin da ya sa irin waɗannan faya-fayan suke farawa lafiya sannan su maƙale wajen ƙarshe: ana rubuta faifai ne daga tsakiya zuwa baki, saboda haka ƙarshen taro yana gefen da hannu ya fi taɓawa, wanda kuma ya fi saurin lalacewa. Waɗanda datti ne kawai ya dame su, yaron shagon ya wanke su da ruwa da ɗan sabulu, maigidansa yana tsaye a kansa don ya tabbata yana tsane su daga tsakiya zuwa baki a miƙe. Bayanan suna tafiya ne a zagaye, to karcen da ya ratsa layukan a gicciye kaɗan yake ɓatawa a kowane layi, na'ura kuma tana iya cike giɓin, amma karcen da ya bi layi guda yakan share abin da ba zai ciku ba.

Da aka juya ga kwamfutar, tambayar da ta fi damuna ita ce yadda na'ura guda za ta karanta CD ta ƙi DVD. Amsar ita ce a cikin kan da ke karanta faifai akwai hasken leza iri biyu, na CD mai tsawon zango nanomita 780, da na DVD, ja, mai nanomita 650, kuma ɗaya yana iya raunana ɗayan yana nan da ƙarfinsa. Ban da haka, CD yana ɗaukar kimanin megabait 700 ne, DVD mai hawa ɗaya kuwa gigabait 4.7, mai hawa biyu 8.5, duk a kan faɗi guda na santimita 12, ke nan rubutun DVD ya fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma ƙurar da ba za ta hana karanta CD ba tana iya makantar da na'ura a kan DVD. Ya zare na'urar, ya kwance murfinta, ya nuna mini idon, ɗan ƙaramin gilashi da ya yi furu-furu da ƙurar hunturu ta shekaru. Ya ɗiga sifirit kaɗan a kan auduga ya taɓa shi a hankali ƙwarai, domin idon yana rataye ne a kan siraran wayoyi da suke lanƙwashewa idan an danna, sannan ya share sandunan ƙarfen da kan yake zamewa a kansu ya shafa musu ɗan maiko. Tiren kuwa ɗan zoben robar da ke jan shi ne ya saki, ya sauya shi da wani daga cikin gwangwanin da yake tara irinsu. Ya kuma nuna mini ƙaramin ramin da ke gaban na'urar, wanda ake zura miƙaƙƙiyar waya a ciki a fito da tiren idan wuta ta ɗauke faifai yana ciki, maimakon a sa wuƙa a ɓalle shi.

A nan ne ya yi abin da ya sa na ƙudura rubuta wannan sharhi. Ga tsofaffin na'urorin faifai nan jere a kan kantarsa, da ya ce mini tawa ta mutu da na saya babu musu. Amma da ya mayar da ita ya gwada, ya ga ta karanta faya-fayan kamfani da yawancin na biki, sai ya ce, "Malam, kada ku sayi komai yanzu. Idon ya tsufa, amma da sauransa. Ranar da kuka ga ya soma ƙin masu hawa biyu da waɗanda ake gogewa a sake naɗawa, to lokaci ya yi, domin su ne hasken da suke mayarwa ya fi rauni, su yake fara saki."

Wanke ido bai kawar da saƙon da Windows Media Player yake fitarwa ba, shi ma mai shagon bai sa ran zai kawar ba, domin wannan ta manhaja ce. Hoton da ke kan DVD an matse shi ne da tsarin MPEG-2, sautin kuma galibi da Dolby Digital, kuma dole ne kwamfuta ta mallaki manhajar da za ta warware su kafin a gani ko a ji. Windows XP bai zo da wannan manhaja a cikinsa ba saboda lasisinta na kuɗi ne, kamfanonin da suke haɗa kwamfuta ne suke ɗora ta daban. To duk lokacin da aka goge kwamfuta aka sake zuba mata Windows, kamar yadda aka yi wa tamu a wani wuri can baya, manhajar takan tafi, mai kwamfuta kuma ya ɗauka na'urar ce ta lalace. VCD yana ci gaba da yi ne saboda da MPEG-1 aka yi shi, wanda Windows ya sani tun asali. Batun bai tsaya a kan XP ba: Windows 7 yana kunna DVD da kansa a nau'in Home Premium da waɗanda suke sama da shi, ban da Starter da Home Basic, kuma tun daga Windows 8 da ya fito a 2012 aka daina haɗa abin a ciki, haka yake har a Windows 10 da 11, sai dai mutum ya saya daban ko ya nemi wata manhaja. Wadda shagon yake amfani da ita ita ce VLC, manhajar kyauta da ta samo asali daga aikin ɗaliban wata makarantar injiniyoyi ta Faransa a 1996, wadda take tafe da kayan warware hoto da sauti a cikinta. Jerin VLC 3.0 da ya fara fitowa a 2018 yana aiki a kan XP idan yana da kunshin gyare-gyaren da ake kira Service Pack 3. Na ji daɗin yadda ya tsaya a kan manhaja guda, bai cika mana kwamfutar da tarkacen da sukan yi karo da juna ba.

Da hoto ya fito sai wata matsalar da na farkon suka rufe ta bayyana: hoton yana tafiya yana tsayawa, sautin yana kakkaryewa, har kibiyar linzamin kwamfuta tana tsalle-tsalle. Yaron shagon ya ce, "Masta, injin ya yi ƙarami, sai an ƙara RAM." Maigidan bai tsawata masa ba, sai ya sa shi ya buɗe Task Manager, wurin da ke nuna nauyin aikin da ke kan kwamfuta, suka ga ƙwaƙwalwar tana aiki kusan ɗari bisa ɗari a kan abin da bai kamata ya wahalar da Pentium 4 ba, tunda kwamfutocin da ba su kai ta ƙarfi ba sun daɗe suna kunna DVD. Daga nan ya sa shi ya shiga Device Manager, inda Windows yake jera sassan kwamfuta, ƙarƙashin sashen IDE ATA/ATAPI, ya duba hanyar da na'urar faifan take aika bayanai ta cikinta, sai ga PIO a rubuce inda ya kamata a ga DMA. A tsarin DMA na'urar faifai tana zuba bayanai kai tsaye cikin RAM ba tare da ta dami ƙwaƙwalwa ba, a tsarin PIO kuwa ƙwaƙwalwar ce da kanta take kwaso kowane ɗan guntun bayani. Mai shagon ya kwatanta wa yaron da ɗan kasuwar Kejetia da ya sallami masu dako ya koma ɗauko kaya daga tasha da kansa, ga masu saye sun taru a rumfa babu mai sallamar su.

Abin lura shi ne yadda kwamfuta take faɗawa cikin wannan hali ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Idan XP ya tara kuskuren karatu ko jinkirin amsa har 6 a kan hanya guda, sai ya rage saurinta, in kuskuren ya ci gaba ya sake ragewa, har ya sauka a PIO, kuma ba ya komawa da kansa. Ke nan faya-fayan nan masu karce da ido mai ƙura su ne suka jefa ta can, kuma da an ƙara RAM da kuɗin ya tafi hoton yana nan yana tsayawa. Gyaran bai buƙaci sayen komai ba, cire hanyar kawai ya yi daga Device Manager, ya kashe kwamfutar ya kunna, Windows ya sake gano ta a kan DMA. Ya kuma sauya faffaɗar wayar IDE, wadda take haɗa na'urar faifan da cikin kwamfuta, saboda ta karye a wata lanƙwasa, domin ita ma tana haddasa irin wannan kuskure, ya hure ƙurar da ta toshe fanka tunda Pentium 4 yana rage saurinsa idan ya yi zafi, sannan ya mayar da sauti zuwa na sifika biyu, saboda a faifan da aka tsara wa sifika shida muryar masu magana takan yi ƙasa idan ba a yi haka ba.

Batun da nake ganin ya fi cutar da mutanenmu cikin rashin sani shi ne lambar yanki, wato kullen da yake hana na'ura kunna faifan kamfani idan lambarsa ta saɓa da tata. Masu harkar fina-finai sun raba ƙasashen duniya gida 6: Amurka da Kanada su ne yanki na 1, Turai da Japan da Gabas ta Tsakiya, har da Saudiyya da Masar da Afirka ta Kudu, suna yanki na 2, Ghana da galibin Afirka tare da Rasha da Indiya kuma suna yanki na 5. Gidan Zango kuwa faifai yana shigo masa daga ko'ina, ɗan'uwa da ke Amurka ya aiko wa yara na koyon karatu, alhaji ya dawo da nasa daga Makka, wanda ke Jamus ya zo hutu da nasa. Na'urorin faifai na kwamfuta da aka ƙera tun daga shekarar 2000 suna yarda a sauya lambarsu sau 5 kacal, daga nan su kulle a kan ta ƙarshe, kuma ƙidayar tana cikin na'urar ne, sake zuba Windows ko mayar da ita wata kwamfuta ba ya goge ta. Tamu tana kan yanki na 2, inda ta fito, kuma an riga an ci wasu daga cikin sauyin. Ya bar lambar yadda take, ya buɗe faifan yaran da ya zo daga Amurka da VLC, wadda takan iya karanta irinsa ba tare da an taɓa lambar ba, ko da yake ba a kowace na'ura ba. Ya gargaɗe ni cewa idan wata manhaja ta nemi a sauya yanki, kada yara su danna amincewa. Faya-fayan biki da na wa'azi da ake naɗawa a gari ba su da wannan kulle, bambancin tsarin hoto na PAL da muke amfani da shi a Ghana da NTSC na Amurka kuma damuwar talabijin ce, kwamfuta tana nuna duka biyun.

Akwai faifai guda da ya fi kowanne daraja a wurin mahaifiyarmu, na walimar saukar Alƙur'ani ta ƙanenmu, wanda kowace kwamfuta take nunawa tamkar babu komai a kansa. Mai shagon ya juya shi a hasken fitila ya nuna mini cewa launin bayansa ya sauya tun daga tsakiya har ya wuce rabi, alamar an yi rubutu a wurin. Ya ce mai ɗaukar bidiyon ya naɗa shi ne a irin na'urar naɗi ta kan tebur, bai kuma rufe shi ba. Rufewa ita ce mataki na ƙarshe, inda na'ura take rubuta jadawalin abin da ke cikin faifan, in ba a yi ba bayanan suna nan amma sauran na'urori ba su san inda za su same su ba. Ya ja kunnena sosai cewa sababbin Windows sukan tambaya ko a shirya irin wannan faifai domin rubutu, kuma amincewa da hakan yana iya halaka abin da ke ciki. Da manhajar IsoBuster, wadda take bin faifai sashe-sashe ba tare da ta dogara da jadawalin ba, ya ciro bidiyon a tasa kwamfutar. 'Yan mintunan ƙarshe ba su fito da kyau ba, amma karatun yaron da addu'ar malamai duk sun fito, kuma a cikin masu addu'ar akwai mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa.

Bayan wannan ne ya ba ni shawarar da nake ganin ta fi gyaran kansa amfani, wato a kwashe duk faya-fayan iyali zuwa wani wurin ajiya tun suna karantuwa. A cikin kowane faifan bidiyo akwai folda mai suna VIDEO_TS, inda fayilolin VOB suke ɗauke da hoto da sauti, kowanne bai wuce gigabait 1 ba, na IFO kuma suke riƙe da tsarin babi-babi. Ya fi son a kwafe foldar gaba ɗaya yadda take, maimakon a dunƙule faifan ya zama fayil guda, domin filashi da yawa suna kan tsarin FAT32 wanda ba ya karɓar fayil da ya kai gigabait 4, cikakken faifai kuwa ya wuce haka. Ya fitar da ƙaramin kwafi na MP4 domin a tura wa 'yan'uwa a waya, amma ya nanata cewa an rage masa inganci, don haka a adana na asalin kwafi biyu a gida biyu. Ita kuwa kwamfutar, ya ce a nisanta ta da intanet, tunda an daina fitar wa XP gyaran tsaro na yau da kullum tun 8 ga Afrilu 2014, aikin kallon faifai da karatun yara dai za ta ci gaba da yi.

Abin da bai gamsar da ni ba shi ne yadda ake riƙon kayan mutane, kuma ba na ɗaukarsa ƙaramin abu. Babu rasit, babu littafin da ake rubuta abin da aka karɓa, babu ko takardar da ake manna wa jaka. Faya-fayanmu an saka su ne a aljihun tebur tare da na wasu, mai shagon kuma da ƙwaƙwalwarsa kawai yake dogara wajen sanin na wane da na wane. Ban rasa ko ɗaya ba, amma faifan da babu kwafinsa a ko'ina babu kuɗin da zai biya shi ranar da ya ɓata. Abin da ya fi wannan nauyi a wurina shi ne sirri. Bidiyon biki yana ɗauke da matan gida cikin kwalliyarsu a wuraren da baƙo ba ya shiga, kwafin kuma yana zaune a kwamfutar da yara masu koyon aiki suke amfani da ita, ga abokansu suna shigowa hira. Da na yi magana ya goge komai a gabana nan take ba tare da ɓacin rai ba, har ya ba ni haƙuri, amma kamata ya yi wannan ta zama ƙa'idar shago da ba sai an roƙa ba, domin ba kowa ne zai tuna ya tambaya ba.

Alkawarin lokaci ma bai cika ba. Ranar da aka ce in dawo aikin kwafin bai kai rabi ba, ba a kuma kira ni an sanar da ni ba. Wani ɓangare na jinkirin yana da uzuri, domin faifai mai rauni yakan ɗauki sa'o'i ana karanta shi, shagon kuma ba shi da janareta ko batirin da zai riƙe kwamfuta na dogon lokaci, don haka ɗaukewar wuta takan mayar da aiki farko. Sauran kuwa daga tsari ne, domin duk wanda ya shigo da ƙaramin aiki yana tsaye shi ake fara sallama, wanda ya bar kayansa ya tafi sai a yi ta tura shi baya. Filashin da ake ɗora manhaja da shi kuma guda ne, yana yawo daga wannan kwamfuta zuwa waccan, abin da yake da haɗari musamman ga XP, wanda ƙwayoyin cutar da ke bin filashi suka daɗe suna addaba.

Ta fuskar kuɗi ba ni da ƙorafi. Ya raba lissafin gida biyu, na gyara da na kwafe faifai, bai kuma karɓi komai a kan waɗanda suka gagara ba. Kuɗin gyaran, har da zoben roba da waya, bai kai abin da ake sayar da sabuwar na'urar faifai ta USB a Adum ba, kuma yana karɓa a hannu ko ta MoMo, wato tura kuɗi ta wayar hannu. Sai dai wanda zai sayi na'urar faifai mai wayar IDE a wurinsa ya sani cewa duk na hannu ne, domin irinsu sun daɗe da ɓacewa daga shagunan sababbin kaya tun da sabon tsarin haɗi na SATA ya maye gurbinsu, lamunin da yake bayarwa kuma na baki ne. Ya dace mai saye ya sa a gwada masa ita da nasa faifan na biki, tunda faifan kamfani ko ido mai rauni yana karanta shi. Wanda ya zaɓi ta USB kuma ya tabbata ramin USB 2.0 ne, mai saurin megabit 480 a daƙiƙa, domin tsohon USB 1.1 iyakarsa 12 ne, DVD kuwa yana iya neman kusan 10, sannan ya jona ta a ramukan baya, saboda na gaba a tsofaffin akwatuna sau da yawa wutarsu ba ta isa ta juya faifai.

Mai niyyar zuwa ya ɗauko akwatin kwamfutar kaɗai, domin akwai allo da sauran kayan gwaji a shagon. Ya zo da faya-fayan da suka ƙi da waɗanda suke yi, ya rubuta jerinsu a takarda biyu, ya bar ɗaya a can ya riƙe ɗaya, ya kuma zo da nasa filashin ko rumbun ajiya, yana lissafa kusan gigabait 5 ga kowane faifai mai hawa ɗaya. Da hantsi ake samun maigidan da kansa kafin ya fita neman kayan gyara, ranar Juma'a kuma ba a buɗe shagon sai an sauko daga masallaci.